Tambayoyin Masu Karatu: Wa ke da bakin magana a kan shawarar abincin da gwamnati ke bayarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, kuma aikina ya fi karkata ga masu ciwon sukari da hawan jini. Yawancin takardun da muke wayar wa marasa lafiya kai da su an ciro su ne daga jagororin abinci na Amurka da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kwanakin baya wani abokin aikina ya ce mini in daina wahalar da kaina, domin kamfanonin sukari da nama da madara ne ke rubuta waɗannan jagorori a bayan fage. Shin akwai gaskiya a wannan magana? Idan akwai, da wace fuska zan ci gaba da karanta wa mutane su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Abokin aikinki ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, amma ya ja shi har ya wuce inda hujja ta tsaya. Kamfanoni ba sa zama su rubuta jagorar da hannunsu, kuma da wuya su iya sa gwamnati ta buga ƙarya tsagwaronta. Abin da tarihi ya nuna suna yi shi ne kamun ƙafa a wurare daban-daban na tafiyar: wane bincike za a yi tun farko, wa zai zauna a kwamitin masana, da kuma waɗanne kalmomi za su rage a takardar ƙarshe bayan 'yan siyasa sun sa hannu. Amurka ce wurin da aka fi tono wannan labari da takardun shaida, don haka a can zan tsaya.

A watan Janairun 1977 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Sanata George McGovern, ya fitar da rahoton da ya zama tushen duk jagororin da suka biyo baya. A cikinsa an faɗa wa Amurkawa kai tsaye cewa su rage cin nama. Ƙungiyar masu kiwon shanu ta ƙasar ta tayar da jijiyar wuya, ta nemi a sake zama a saurare ta, aka kuwa saurare ta. Shi kansa McGovern ɗan jihar Dakota ta Kudu ne, jihar da kiwon shanu ke cikin manyan sana'o'inta. Kafin shekarar ta ƙare aka sake buga rahoton, kuma a wannan karon umarnin rage nama ya ɓace, an maye gurbinsa da cewa mutum ya zaɓi nama da kaji da kifin da za su rage masa shigar kitse mai daskarewa, irin wanda ke cikin nama da man shanu. Ki duba abin da ya faru a nan, Malama, domin shi ne zai yi ta maimaita kansa shekara da shekaru. Jumlar farko kowace uwar gida za ta fahimce ta a kasuwa. Jumla ta biyu ba ƙarya ba ce, amma sai mai ilimin sinadaran abinci zai iya aiki da ita, kuma ba ta hana kowa sayar da komai ba.

Tun daga 1980 ake fitar da jagorar abincin Amurka duk bayan shekara biyar, kuma ma'aikatu biyu ne ke fitar da ita tare, wato Ma'aikatar Lafiya da Ma'aikatar Noma. A ganina a nan babbar matsalar take, tun kafin a zo maganar wani kamfani. Ma'aikatar Noma an kafa ta ne domin ta bunƙasa kasuwar manoma da makiyaya, sai kuma aka ɗora mata nauyin gaya wa jama'a abin da ya kamata su rage ci daga cikin kayan da waɗannan manoma da makiyaya ke sayarwa. A 1991 ma'aikatar ta kammala wani zane mai siffar dala, irin dalar gyadar Kano ta da, wanda ya ajiye hatsi a ƙasa inda ya fi faɗi, ya tura nama da madara can sama inda ya tsuke. Masu nama da madara suka yi ƙorafi cewa an ƙasƙantar da kayansu, sai ministan noma na lokacin, Edward Madigan, ya dakatar da fitar da zanen ya ce a ƙara bincike. Bai fito ba sai a 1992, bayan 'yan jarida sun yi ta ɗaga maganar.

Wannan tufka da warwara ba ta tsaya a zane ba. A ƙarƙashin kulawar ita wannan ma'aikata akwai tsarin da ake cirar wani kaso daga cinikin masu madara a zuba shi wajen tallata madara da cuku. A 2010 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa hukumar da ke kashe wannan kuɗi ta taimaka wa kamfanin Domino's ya fito da fiza mai ƙarin cuku da kashi 40 cikin 100, a daidai lokacin da wani sashe na ma'aikatar ke gargaɗin jama'a su rage kitse mai daskarewa, wanda cuku na cikin manyan hanyoyin shigarsa jikin Ba'amurke.

Labarin sukari ya fi wannan nauyi, domin shi ya taɓa ilimin kansa. A tsakiyar shekarun 1960 masana na muhawara a kan abin da ke haddasa yawaitar ciwon zuciya: wasu na zargin kitse, wasu kuma, irin su John Yudkin na Birtaniya, na nuna sukari da yatsa. A 1965 wata gidauniyar bincike ta masu sana'ar sukari ta biya wasu masana uku na Jami'ar Harvard dalar Amurka 6,500, kwatankwacin dala 50,000 a kuɗin 2016, domin su rubuta sharhi a kan binciken da ake da shi. Sharhin ya fito a 1967 a mujallar likitoci ta New England, ya yi wa binciken da ke zargin sukari tankaɗe da rairaya har ya raunana shi, ya kuma yi sassauci ga binciken da ke zargin kitse, kuma ba a faɗa wa mai karatu wanda ya biya kuɗin ba. Ba a san wannan ba sai a 2016, lokacin da Cristin Kearns da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka buga wasiƙun da suka tono daga tsofaffin ɗakunan ajiya, waɗanda suka nuna cewa jami'in gidauniyar ya ga rubutun kafin a buga shi, ya kuma nuna gamsuwarsa. Ɗaya daga cikin masanan uku, Mark Hegsted, shi ne daga baya ya taimaka wajen tsara rahoton 1977, sannan ya zama babban jami'in harkar abinci mai gina jiki a Ma'aikatar Noma.

Adalci ya wajabta in ƙara da cewa a wancan zamani mujallu ba sa tilasta wa marubuta bayyana mai ɗaukar nauyinsu, kuma rahoton 1977 da Hegsted ya sa hannu a ciki ya ce a rage sukari ma. Ba na jin mutanen nan sun zauna sun ƙulla cewa za su cuci jama'a. Amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin a fagen ilimi ba ya bukatar ƙarya, ya isa a tsananta wa hujjar wani a sassauta wa ta wani. Illar da aka samu ita ce an shafe shekaru hankalin likitoci da na jama'a na kan kitse kusan shi kaɗai, shaguna suka cika da abinci mai tambarin "babu kitse" wanda sau da yawa sukari aka ƙara masa domin ya yi daɗi.

Tun da kin ambaci Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ma ta ɗanɗana. A 2003, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoton masana da ya ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta rubuta wa shugabar hukumar ta lokacin, Gro Harlem Brundtland, tana barazanar cewa za ta nemi Majalisar Amurka ta sake duba gudummawar dala miliyan 406 da ƙasar ke ba hukumar. Ba a janye rahoton ba, amma babbar manufar da ƙasashe suka amince da ita a 2004 ta fito ba tare da wannan adadi ba, ta ce kawai a taƙaita sukari. Sai a 2015 hukumar ta mayar da kashi 10 ɗin jagora a hukumance, ta ƙara da cewa saukowa ƙasa da kashi 5 ya fi alheri. Ga babban mutum mai cin abinci daidai misali, kashi 10 ya kama giram 50 ne a yini, wato cokalin shayi 12 ko kusa da haka, kashi 5 kuma cokali 6. Gwangwanin lemo guda mai mililita 330 kan ɗauki giram 35 ko makamancin haka. Ita Amurka ba ta sa iyakar kashi 10 a jagorarta ba sai a wadda ta fito a Janairun 2016.

Abin da ya kamata ki sani game da tsarin Amurka shi ne takardu biyu ne, ba ɗaya ba. Kwamitin masana yana rubuta rahotonsa, sannan ma'aikatun biyu su ɗauka su rubuta jagorar da za a buga, kuma ba dole ne su bi masanan ba. A tsakanin waɗannan takardu biyu ne kamun ƙafa ya fi yin aiki. A 2015 masanan sun ce abinci mai lafiya shi ne wanda jan nama da naman da aka sarrafa a masana'anta suka yi ƙaranci a cikinsa, suka kuma kawo batun illar yawan kiwo ga muhalli. Masu nama da 'yan majalisar da ke goyon bayansu suka yi ca, kuma a watan Oktoba na shekarar ministocin biyu, Tom Vilsack da Sylvia Burwell, suka sanar cewa batun muhalli ba zai shiga ba. A cikin wannan wata ne kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Duk da haka manyan shawarwarin jagorar da ta fito sun yi magana ne a kan rage kitse mai daskarewa da sukari da sinadarin gishiri, ba su kama sunan jan nama ba. A 2020 masanan sun nemi a sauke iyakar sukari daga kashi 10 zuwa kashi 6, ma'aikatun suka ƙi, suka ce hujjar ba ta kai ba. Wani bincike da aka buga a 2022 ya gano cewa mutum 19 cikin 20 na shi wannan kwamiti na 2020 suna da wata alaƙa da kamfanonin abinci ko na magunguna, wanda ke nuna cewa ko takardar masanan ma tana bukatar a sa mata ido.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi a kan jumla ɗaya shi ne jagorar ba nasiha ce kawai ba. Da ita ake tsara abincin makarantun gwamnati da yara kimanin miliyan 30 ke ci a kullum, da tallafin abinci na mata masu juna biyu da ƙananan yara. A 2011, da Ma'aikatar Noma ta so gyara abincin makarantu, Majalisa ta hana ta taƙaita dankalin turawa, ta kuma bar dokar da ke ƙirga ɗan tumatirin da aka shafa a kan fiza a matsayin kayan lambu.

To, da wace fuska za ki karanta wa marasa lafiyarki? Da fuskar wadda ta san inda takardar ke da ƙarfi da inda take noƙewa. Inda jagorar ta ce a ƙara, kamar ganye da kayan marmari da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba, tana kama suna ɓaro-ɓaro, domin babu wanda wannan ke ɓata wa ciniki, kuma hujjar da ke bayansa tana da ƙarfi. Inda ta zo maganar ragewa, a jagororin shekarun da na ambata, sai ta koma harshen sinadarai, kuma a nan aikinki yake: ki mayar da "sukarin da aka ƙara" ya zama lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu da zoɓon da aka cika wa sukari, ki mayar da "sinadarin gishiri" ya zama gishiri da dunƙulen ɗanɗano da garin da ke cikin ledar taliyar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abincin leda. Akwai kuma ƙasashen da suka nuna ana iya rubuta jagora a fili. Brazil a 2014 ta ce wa mutanenta kai tsaye su guji abincin da masana'anta ta sarrafa fiye da kima, su dafa abinci a gida. Kanada, da ta zo sabunta tata ta 2019, ta hana jami'an da ke rubuta ta ganawa da wakilan kamfanoni, kuma abin da ya fito ya cire madara daga zama rukuni mai zaman kansa, ya ce ruwa shi ne abin sha na farko. Ina ba ki shawara ki ajiye waɗannan biyu kusa da ta Amurka ki riƙa kwatantawa.

TAMBAYA: Ni matashi ne a Kano. Ina ganin bidiyoyi a TikTok da YouTube inda ake cewa tun da an gano masu sukari sun sayi masana, to duk maganar illar kitse ƙarya ce, mutum ya ci nama da man shanu iya son ransa. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Gano cewa an ɓoye laifin sukari bai wanke kitse mai daskarewa ba, kuma hujjar cewa yawansa na ɗaga mummunan maiƙon jini ta fito ne daga bincike mai yawa a ƙasashe da dama, ba daga sharhin 1967 kaɗai ba. Ka kuma lura cewa masu nama da madara su ma suna ɗaukar nauyin bincike da talla kamar yadda masu sukari suka yi, kuma da yawa daga masu irin waɗannan bidiyoyi suna da littafi ko ƙwayoyi ko darasin da suke sayarwa. Tambayar da ka koya yi wa gwamnati, wato wa ya biya kuma wa zai amfana, ka yi wa mai bidiyon ita. Wanda ke da hawan jini ko ciwon sukari kuma kada ya sauya abincinsa ko ya ajiye maganinsa saboda bidiyo, ya koma wurin likitansa tukuna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ina sarin lemon kwalba a Kaduna. Duk wannan labari na Turawa ne. Mu a nan me ya shafe mu, ban da harajin da aka ƙara mana?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Harajin da ka ambata shi ne daidai wurin da labarin ya iso gida. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓarsa a 2022, kuma Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya ta yi adawa da shi a fili, tana cewa zai rage ciniki ya jawo asarar ayyukan yi. Ba na ganin laifin ƙungiya ta kare membobinta, kuma damuwar mai shago irinka ta gaske ce. Gwamnati ma ba za ta iya wasu ayyukan lafiya ba sai da masana'antu: da haɗin kansu ake sa sinadarin aidin a gishiri, da su ake ƙara bitamin A a man girki da fulawa da sukari. Inda nake ja shi ne a bar mai sayar da kaya ya zama shi ne zai yanke adadin da ya dace jama'a su sha.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna yadda irin wannan ja-in-ja ke ƙarewa. Meziko ta sa harajin feso ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a kan lita a 2014, kuma binciken da aka yi ya nuna sayen lemon da aka sa wa harajin ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta sanar da nata a 2016, ta ɗaure shi da yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin kafin harajin ya fara aiki a 2018, wanda ke nufin mai shago ya ci gaba da sayar da kwalbarsa. Afirka ta Kudu ta fara da shawarar kimanin kashi 20 cikin 100, amma bayan matsin lambar masu rake da masu lemo abin da ya zama doka a 2018 ya tsaya a wajen kashi 11. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 ko fiye kafin a ga tasirinsa sosai a kan sha.

Namu harajin, kamar yadda dokar 2021 ta tsara shi, idan ka lissafa, naira 5 ne a kan kwalbar rabin lita, kuma da yake tsayayyen adadi ne ba kaso na farashi ba, duk lokacin da farashin lemo ya tashi ƙarfinsa raguwa yake yi. Bai kuma bambanta tsakanin lemo mai sukari da yawa da mai kaɗan ba, don haka bai ba kamfani dalilin rage sukari ba. Idan maganar sake fasalinsa ta zo gaban Majalisar Tarayya, tsarin Birtaniya shi ne wanda ya fi dacewa ɗan kasuwa irinka ya nemi ƙungiyarsa ta goya wa baya, domin nauyinsa na sauka ne a kan yawan sukarin da masana'anta ta zuba, ba a kan yawan katan ɗin da ka sayar ba.